Takalmin Gagara-Santsi na Injiniya Ja'afaru

Ja'afaru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce hassada ce ke sa ni magana. Ni Usman tela ne, shekara ashirin ina taka keke a bakin kasuwar Daura, ban taɓa cewa na fi ƙarfin allura ba. Shi kuwa wata huɗu ya yi a Kano yana gadin wani kamfanin robobi, ya dawo da gilashi a ido da biro uku a aljihu, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Ko ƙofar ɗakin injin bai taɓa leƙawa ba, amma in ya zauna a teburin mai shayi sai ka rantse shi ya koya wa Turawa ƙera jirgi. Ya yi kiwon kifi a randar gidanmu, kifin suka mutu, randar ta fashe. Ya haɗa fankar da ba ta buƙatar wuta, ashe ita ma ba ta da niyyar juyawa.

Duk wannan da sauƙi, har ranar da ya ga Mardiyya, 'yar Malam Maiturare. Bazawara ce, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan, mace mai natsuwa da ke haɗa turaren wuta a gida. Abin da ta gani a jikin Ja'afaru Allah kaɗai ya sani. Ta dai ce yana ba ta dariya, ita kuma ta daɗe ba ta yi ba. Shi ma, in faɗi gaskiya, sonta yake yi tsakani da Allah. Wannan ne abu ɗaya da na taɓa ganin ya yi ba ƙarya a ciki.

Malam Maiturare dattijo ne mai kaifin ido, da safe yana shagon turare, da yamma yana ba manya karatu a zaure. A shekarar nan 'ya'yansa maza suka shimfiɗa masa tayil mai sheƙi tun daga bakin zaure har bakin kwata, wai a san gidan manya ne. Ruwan farko da ya sauka, Malam ya fito da silifas zai tafi masallaci, santsi ya kwashe shi, ya gurɗe a hannu. Ja'afaru ya ji labari, ya zura babbar rigata ba tare da ya tambaye ni ba, ya tafi dubiya. Da ya yi sannu ya tashi, da an rabu lafiya. Ina!

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "ai ba laifin tayil ba ne. Masu yin silifas a ƙasar nan ne ba su san ilimin ƙasan takalmi ba. Ni kuwa na san shi ciki da waje."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne Ja'afarun da ke sallama da Mardiyya?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Mece ce sana'arka?"

"Ƙirƙira."

"A ina shagon yake?"

Ja'afaru ya ɗora yatsa a goshinsa. "Nan yake."

"To, ba na ba da 'yata ga shagon da ba a taɓa ganin kayansa ba. Ka kawo mini abu ɗaya da hannunka ya yi, wanda ya amfani mutum ko da guda ne. Na ba ka zuwa yankan gero. In ka kawo, turo magabatanka. In ba ka kawo ba, akwai masu jira."

Mai hankali zai ji wannan ya sha jinin jikinsa. Ja'afaru ya fito yana washe baki, kafin magariba ya gaya wa rabin unguwa cewa an ba shi mata, saura ɗan ƙaramin aiki: takalmin da ba zai zame ba ko a kan sabulu. Har suna ya raɗa masa tun ba a yanka ko hancin silifas ɗaya ba, wai Gagara-Santsi.

Washegari ya tafi Mashi, inda mashin ya fi jaki yawa, ya dawo da tsofaffin tayoyi shida rataye a wuya. Yayarmu Kubura, wadda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar iyayenmu, tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Yaya, ki yi tunani," in ji shi. "Kin taɓa ganin mashin ya zame?"

"Kullum," in ji Kubura, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Wannan matuƙin ne bai iya ba."

"To kai wa zai tuƙa ka?"

Bai kula ta ba. Ya yanka taya, ya manna a ƙasan silifas. Abin da Injiniya ya manta shi ne, tayar mashin a lanƙwashe aka yi ta, kuma ba ta da niyyar miƙewa don wani zai yi aure. Takalmin ya fito kamar ɓarin ƙwarya. Ya saka ya nufi teburin mai shayi, yana tangaɗi dama da hagu, jama'a na tambayarsa ko ya fara shan wani abu ne. Saura taku biyu ya isa, idon sawunsa ya juya, ya kifa a kan benci, ya tashi mutum huɗu da kofunansu. Ni na kai shi wurin mai ɗori. Ana jan ƙafar yana ihu, yana kuma bayani.

"Ku shaida, takalmin bai zame ba! Ƙafata ce ba ta riƙe shi ba!"

"Sai ka ƙera sabuwar ƙafa," in ji mai ɗori, ya ƙara ja.

Kwana tara ya yi a kwance, a na goma ya tashi da sabon ilimi. Ya ce ya lura da kaza, ba ta taɓa zamewa saboda farce. Ya samo ƙananan ƙusoshi, ya jera su a ƙasan silifas tsininsu na kallon ƙasa. Ya fito tsakar gida gwaji, ya bi ta kan tabarmar da Kubura ta shanya kuɓewa, don shi idan yana tunani ba ya kallon ƙasa. Tabarma ta kama takalmi, takalmi ya kama tabarma. Ya ja, ta biyo shi. Ya ƙara ja, ta biyo shi har zaure, kuɓewa na zuba, kajin maƙwabta na bin sa a baya kamar sun ga mai rabon zakka. Kubura ta biyo shi da muciya. Garin gudu ya taka da ƙarfi, ƙusoshin kuwa ba ruwansu da sama ko ƙasa, uku suka juyo suka shige masa diddige.

"Kin gani ko, Yaya?" in ji shi yana ɗingishi. "Riƙo ke nan! Ko tabarma ba ta kuɓuce ba!"

"Miyar wata guda ka zubar mini, ɗan banza mai ƙaton kai. Allah ya sa ka auri tabarmar, ita ce ta ga abin bi a jikinka."

A makon nan ya je zance da ƙyalle ɗaure a ƙafa. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, yana ganin kamar shi ya yi nasara. Mardiyya ta ce masa, "Ja'afaru, gero ya fara fitar da kai. Don Allah ka je wurin dukawa su koya maka ɗinka takalmi irin na kowa. Ko guda ɗaya ka yi, Baba zai karɓa. Ni ba abin mamaki nake nema ba."

"Ni in durƙusa gaban baduku? Mutanen da tun zamanin kakanni basilla ɗaya suke riƙe da ita?"

"Su dai nasu ana sawa a je kasuwa a dawo."

"Ki bari ki gani. Wata rana za a ce ke ce matar mai Gagara-Santsi."

"Ni dai a fara cewa matar wani ce," in ji ta, ta shige gida.

Daga nan ya kulle kansa a ɗaki kwana huɗu, ba ya fitowa sai salla da cin tuwo, tuwon kuwa bai taɓa makara ba. Abin da ba mu sani ba a lokacin, ƙaro ya jiƙa ya dama da yashi, ya zuba garin gawayi don ya yi baƙi, ya shafe ƙasan silifas da shi kauri guda, ya shanya a bayan ɗaki. Da ya bushe sai ya yi tauri da kaushi kamar dutsen goge kaushi. In ka tambaye shi mene ne, sai ya ce sirrin kamfani.

Ranar gwaji ya tara unguwa a ƙofar gida, ya jingina wani dogon katako da katanga, ya saka takalmin ya hau. Wallahi ya hau. Ya taka har sama kamar ƙadangare, ya juyo, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya sauko. Jama'a suka ɗauki sowa. Ni kaina, da nake ganin na fi kowa sanin halinsa, sai da na ce ashe dai Allah ba ya barin bawa haka nan. Kubura ce kaɗai ta ɗauko buta.

"Kawo in zuba wa katakon ruwa mu gani."

Ja'afaru ya fizge butar. "Haba Yaya! Sabon kaya ne, na surukai. So kike ki ɓata masa sheƙi tun ba a kai ba?"

"Ai Malam ba a kan busasshen katako ya faɗi ba."

"Wanda ya hau katanga, ruwan buta ne zai gagare shi? Ke dai tun ina yaro ba kya so a yabe ni."

Jama'a suka goya masa baya, aka ce Kubura ta cika baƙin ciki. Ta ajiye butarta ta ce, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Kowa ya sani mai neman aure ba ya zuwa da kansa, magabata yake turawa. Namu kuwa Baffa Amadu ne, ƙanen mahaifinmu, dillalin shanu, mutum mai jiki da son girma, wanda in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar akuyar gidanka. Aka haɗa shi da maƙwabcinmu Malam Sharfaddeen, siriri kamar sillen kara, sai ni mai ɗaukar goro da alawa. Ja'afaru ya yi takalmi ƙafa huɗu: uku namu, ɗaya a cikin leda kyautar Malam Maiturare.

Baffa ya ce shi ba zai je neman aure da silifas ba, yana da takalminsa na fata.

"Baffa, ai sharaɗin ke nan," in ji Ja'afaru, ya durƙusa har ƙasa. "Cewa ya yi ya ga aikina ya amfani mutum. In ya ga kamarka, da girmanka da nauyinka, ka ratsa tayil ɗin nan ƙyam, magana ta ƙare. Kada ku cire sai kun kai bakin zaure."

Baffa ya ji an ambaci girma, ya miƙa ƙafa. Ni ma na saka, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ranar Asabar aka sa, bayan la'asar. Da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke kafin mu fito. Ja'afaru ya yi ta murna wai Allah ne ya shirya masa fili. Don kada takalman su taɓa laka su yi datti, ya kira adaidaita har cikin zaurenmu kusan, ta kwashe mu, ta sauke mu daidai gefen tayil ɗin Malam. Da a ƙasa muka tafi, da tun a lungunmu asiri ya tonu, mun koma mun sake takalmi. Amma wayon Injiniya bai bar mu ba.

Muka tarar da ƙofar gidan cike. Ja'afaru ya riga ya bi shago-shago ya yi shela, duk wanda ba shi da aikin yi a unguwa uku ya zo ya zauna a benci gefen yashi. Shi kansa yana laɓe bayan wata darbejiya a tsallaken hanya, yana zaton ba a ganinsa, alhali gilashinsa na walƙiya. Malam Maiturare na tsaye a bakin zaure da sandarsa.

Muka hau tayil. Ruwa kwance a kai kamar faranti. Taku ɗaya, biyu, uku, takalmi ya riƙe gam, har wani ƙara yake yi ƙurus-ƙurus. Baffa ya waiwayo ya ce mini a hankali, "Kai, yaron nan fa ya yi abin kai." Sai ya hango mutanen benci, ya tsaya cak a tsakiyar ruwan.

"Salamu alaikum! Ina wuninku? Ina gajiya? Ya iyali? Alhaji, ya jikin tsohuwa? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara!" in ji su.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha wani abu, kowa da gonarsa da surukansa. Mu kuma muna tsaye a bayansa, ƙaro na shan ruwa a ƙarƙashinmu. Na ji wani sanyi-sanyi mai yauƙi yana ratso tsakanin yatsuna, na duba ƙasa na ga baƙin ruwa na malala daga ƙafafunmu. Kafin in buɗe baki Baffa ya gama gaisuwa, ya gyara babbar riga, ya ɗaga ƙafa da ƙasaita.

Ƙafar dama ta nufi Sandamu, ta hagu ta kama hanyar Mashi. Baffa ya ce "Innalillahi!" ya kai hannu ya cafko wuyan rigar Malam Sharfaddeen. Shi kuwa Sharfaddeen ba nauyi gare shi ba, ya taso sama gaba ɗaya, ƙafafunsa na tuƙa keken da babu, ya sauko a kan cikin Baffa. Ni na ce ko me za a yi goro ba zai zube ba. Na rungume ƙwarya, na yi taku ɗaya baya, na ji duniya ta juya, na yi zaman 'yan bori, tim! Goro ya tashi sama ya dawo mana a ka. Tayil ɗin kuma an yi shi da ɗan gangare don ruwa ya wuce, sai ga mu mu uku sululu, a jere, muna tafiya bakin kwata ba mai tuƙi.

Wani mai tausayi ya taso daga benci zai kama Baffa, ya taka inda muka bi, ya wuce mu. Na biyu ya zo ceton na farko, shi ma ya bi sahu. Daga nan ba wanda ya ƙara tasowa, sai dariya, har da masu riƙe ciki suna faɗowa daga benci ba tare da sun sa takalmin kowa ba. Baffa ya yunƙura zai tashi, ya koma. Ya cire takalmin da hannu, hannun ya kwashi yauƙi, ya dafa ƙasa, ya sake komawa. A ƙarshe ya haƙura ya zauna a bakin kwata, ƙafa ɗaya a ciki, hula a gefe, farar shaddarsa ta koma kamar an goge tukunya da ita.

Sai ga Ja'afaru a guje daga bayan darbejiya. Ya ratsa gefen tayil ɗin da ke jiƙe, tsaf, ko gezau, ya zo gaban Malam ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Kowa ya bi takalmin da kallo. Silifas ne na roba irin na kasuwa, wanda ake shiga wanka da shi.

"Allah gafarta Malam, a yi mini adalci! Ba laifin takalmi ba ne. Akwai yadda ake tafiya da shi, su Baffa ne ba su samu horo ba. Kuma tsayuwar ta yi yawa, ba a ƙera shi don doguwar gaisuwa ba."

Malam ya sa sanda ya jawo ledar kyautarsa da ta faɗi kusa, ya zaro takalmi ɗaya, ya lakaci ruwa ya goga a ƙasan, ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Ƙaro ne," in ji shi. "Ja'afaru, ka san abin da ya sa muke zuba shi a tawada? Don ya kama allo in ya bushe, ya kuma saki in an sa ruwa. Wannan ko matan gidan nan sun sani."

"To ai na rani ne wannan, Allah gafarta Malam. Na damina yana nan tafe."

"Da rani wa ya ce maka ana zamewa?" in ji wani daga benci, aka sake kecewa.

Na ɗaga kai na hango Mardiyya ta tagar soro. Duk taron nan ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta dube shi ɗan lokaci, ta ja labule. A nan ne haushina ya koma tausayi, amma nata, ba nasa ba.

Malam Maiturare mutum ne da ba ya barin al'ada ta faɗi ko da masu ita sun faɗi. Ya juya wajen kwata, ya gyara murya kamar muna zaune a kan darduma.

"Alhaji Amadu, sannunku da zuwa. Me ke tafe da ku?"

Ja'afaru ya juyo yana yi wa Baffa alama da ido, yana haɗa hannu. Baffa ya zaro ƙafarsa daga kwata, ya ɗauki hularsa ya matse, ya ɗora a ka. Ya daɗe yana kallon ɗan wansa da silifas ɗin roba da ke ajiye a gefensa.

"Malam," in ji shi, "turo mu aka yi neman auren 'yarka Mardiyya, kuma ni ne uban yaro, ba ni da wanda ya fi shi. Amma ni da kai mun yi shekara arba'in muna sahu ɗaya a masallaci, gobe kuma akwai hisabi. Roƙon da na zo da shi yanzu guda ɗaya ne. Don girman Allah, kada ka ba shi."

"Baffa!" in ji Ja'afaru.

"Rufe mini baki! Mu da muka haife ka ga inda ka ajiye mu. Ita baiwar Allah ina za ka kai ta?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya shafa gemu. "Alhaji, manya irinku ba sa tako ƙafa gidana su roƙi abu in hana su. Abin da kuka roƙa, na ba ku. Malam Sharfaddeen, yi mana addu'a."

Sharfaddeen na kwance rigingine a kan goro, daga nan ya ɗaga hannu ya ja fatiha. Duk jama'a suka ɗaga, ni ma na ɗaga nawa baƙi ƙirin. Ja'afaru na durƙushe a gaban Malam, ya duba dama ya duba hagu, ya ga ba yadda za a yi ana fatiha mutum ya zauna hannu a ƙasa. Da shi aka shafa.